Yayana da Shekarun Aro

Ranar da takardar ritayar Yaya ta fito ina gidansa a Tambuwal, ni da matarsa muna ɓarar gyaɗa a inuwar ɗaki. Hutun mako biyu ya zo yi daga wurin aiki. Wani abokin aikinsa ne ya ɗauki hoton takardar ya turo masa a waya. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, sannan ya miƙo mini wayar. Turanci ne gajere irin na ofis: nan da wata shida zai cika shekara sittin, don haka ya shirya miƙa aiki, hukuma tana gode masa.

Na ce, "Sittin ɗin wa?"

Ya ce, "Sittin ɗin takarda, Auta."

Wallahi sai da na ture ƙwaryar gyaɗar da ƙafa ban sani ba. Shekarun Yaya hamsin da shida ne a lokacin, ba ƙari ba ragi, kuma ba wanda bai san haka ba a danginmu, tun daga Tambuwal har ƙauyenmu da ke gefen Fakku a ƙasar Kebbe. Huɗun da ke kai ba nasa ba ne. Na babban wanmu ne, an ɗora masa su tun yana yaro, shi bai roƙa ba.

Mu uku muka rayu a ɗakin Inna. Akwai Malam, ɗan fari, wanda yau shi ke limanci da karantarwa a ƙauyenmu. Sai Yaya, wanda Malam ya ba shekara huɗu. Sai ni da na zo a makare, bayan an fid da rai. Babanmu malami ne ɗan malami, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. A wancan zamanin ba a kai yaro boko, kama shi ake yi. Hakimi ya aiko a rubuta yaro ɗaya daga kowane babban gida, magatakarda ya zo ya rubuta sunan ɗan fari da shekarunsa goma, ya tafi abinsa. Ranar da dogari ya zo tafiya da yaron, Baba ya duba ya ga babban ya kusa sauke Alƙur'ani, kuma shi ne zai gaji zaure. Sai ya kamo hannun ƙaramin, ɗan shekara shida, ya ce ga shi nan. Ya ja masa kunne a soro: in an kira sunan wanka a can, kai za ka amsa.

Ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba, kada wani ya ɗauka Baba mugu ne. Gidaje da dama sun yi musanya, wasu maraya suka tura, wasu ɗan da ya fi ƙiriniya. An ce da aka isa makarantar hedimasta ya dubi takarda, ya dubi yaron, ya ce wannan ne ɗan shekara goma? Dogari ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyan malamai ne, ba su ci su ƙoshi." Aka yi dariya, aka rubuta. Daga wannan dariyar sunan Malam da shekarunsa suka shiga rajista, daga rajista suka hau takardar gama firamare, suka bi shi sakandare. Da ya zo kama aiki aka ce ya kawo takardar shaidar shekaru, wani kawunmu ya je ya dangwala yatsa a kan wadda ta yi daidai da ta makaranta, don ba a so a ga saɓani. Inna har ta rasu in ta tuna ranar tafiyar nan sai ta yi tsaki. Ta ce yana riƙe da gefen rigar dogari yana waiwaye, wandonsa na zamewa.

Yaron nan shi ya zama mai ba jiragen sama hanya. Yana zama a hasumiyar filin jirgi, wani ɗaki can sama mai gilashi ta kowane gefe, abin magana a kunnensa, yana gaya wa matuƙa wane zai sauka, wane zai jira, wane zai ƙara yin sama kada ya haɗu da ɗan'uwansa. A garinmu an daɗe ba a gane aikin ba. Wasu suka ce direban jirgi ne, har tsofaffi na zuwa gaishe shi da zabi don ya sama musu kujerar Makka. Wasu suka ce tuta yake kaɗawa a bakin titi. Wanda ya fara ganewa wani dattijon Bafulatani ne da ke sauka da shanunsa bayan gonarmu kowace kaka. Ya saurari bayanin Yaya har ƙarshe, ya jingina da sandarsa ya ce, "Ashe kiwo kaka yi. Sai dai garkenka ba shi tsayawa wuri ɗaya ka ƙirga." Yaya ya yi ta dariya, ya ce ko malamansu na kwas ba su faɗa da kyau haka ba.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa a bakin aiki. Na je jinya birnin da yake a lokacin, ya roƙa mini izini aka bar ni na tsaya bakin ƙofar ɗakin na ɗan lokaci. Hadari ya haɗo, jirage uku na neman sauka. Na ji wata murya tana fita daga bakin yayana wadda ban san shi da ita ba, a kwance, ba gaggawa, kalma ɗaya bayan ɗaya. Da jirgi na ƙarshe ya taɓa ƙasa Yaya ya cire abin kunnen ya juyo yana mini murmushi, sai na ga bayan rigarsa sharkaf da gumi, alhali sanyin ɗakin har haƙorana yake kaɗawa. Kowace shekara likita na gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa kafin a sabunta masa lasisi, bai taɓa faɗuwa ba. Salloli nawa ya yi a sama can muna cin nama a gida? Jana'izar Inna ma bai samu ba, don ba wanda zai karɓe shi sai washegari. Kuma shi ne ya tsaya gaban Baba ya yi ta lallashi har aka bar ni na yi makaranta na zama malamar firamare. To ku gaya mini yadda zan ga takardar nan in ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ƙa'idar aikin gwamnati a nan, ko ka cika sittin da haihuwa, ko ka yi talatin da biyar kana aiki, duk wadda ta riga zuwa ita za ta sallame ka. Yaya ya yi talatin da ɗaya. Ta kowace hanya aka bi, in da gaskiya za a bi, saura masa shekara huɗu cif. A cikin huɗun nan akwai ƙarin girma na ƙarshe da yake sa rai baɗi, kuma abin da mutum zai riƙa karɓa na fansho yana bin inda aka tsayar da shi. Ƙananan 'ya'yansa biyu ba su gama makaranta ba. Ban da wannan duka, mutumin nan yana son aikinsa, so irin wanda ko hutu ya zo in ya ji ƙugin jirgi sai ya ɗaga kai.

Ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje, ya yi abokai masu irin aikinsa daga ƙasashe daban-daban, suna gaisawa a waya har yau. Yakan ba mu labari cewa a wasu ƙasashen masu wannan aiki ana sallamarsu tun kafin sauran ma'aikata, don an san yana cin ƙwaƙwalwa, amma a sallame su da haƙƙinsu cikakke yadda ba za su nemi komai wurin kowa ba. A wasu kuma in mutum ya sauka daga hasumiya sai a riƙe shi yana koya wa matasa. Mu a nan fa? Ma'auni ɗaya ne da kai da wanda ya shekara talatin yana kwasar barci a kan tebur. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san mutane, da idona na san su, waɗanda sun haura sittin tun tuni suna nan daram a ofis suna rina gemu, don sun je sun yanke shekaru biyar ko bakwai. Akwai wanda a takarda ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya girme shi. Su ba a taɓa su ba. Sai wanda aka yi wa ƙari ne za a ce ya tattara.

Yaya shi cewa ya yi a bari. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya ci arzikin shekarun nan yana matashi, don su suka sa aka ɗauke shi aiki da wuri, yanzu kuma sun zo karɓar nasu. Na ce sam, ba a yi haka ba. Na hana shi sakat har sai da ya tuntuɓi wani na gaba da shi, wanda ya ce masa ranar haihuwar da aka fara rubutawa da wuya a canza ta, amma in akwai tsohuwar hujja da rantsuwar wani babba na gida a gaban kotu, kwamiti na iya dubawa. Ni na zauna na tsara takardar koke da hannuna. Ba mu kawo dogon labari a ciki ba, cewa kawai muka yi an yi kuskuren shekara huɗu kuma za mu kawo hujja. Yaya ya koma wurin aiki ya miƙa, aka buga mata hatimi aka sa a fayil. Ni kuwa na bi gari ina shela, a makaranta, a gidan biki, a bakin famfo, cewa za a ga abin da zai faru, gaskiya za ta yi halinta.

Hujja muna da ita. Al'adar Baba ce, kamar ta malamai da yawa a wajenmu, duk ɗan da aka haifa masa sai ya rubuta da Larabci a wata warƙa, wato fallen takarda, rana kaza, wata kaza, shekara kaza ta Hijira, da sunan da aka raɗa. Warƙar tana bayan wani littafinsa na fiƙihu cikin tsohuwar gafaka, gafakar kuma tana hannun Malam. Shi ne kuma babban da ya rage wanda zai yi rantsuwar, don kawunnanmu duk sun rasu.

Na hau bas zuwa Kebbe ranar wata Asabar, na ƙarasa ƙauye a babur ɗin kabu-kabu, ƙura har cikin kunne. Na jira aka yi azahar masu karatu suka watse, na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ni kuma zuciyata na tafasa ina amsawa. Sannan na kawo maganar.

Ya ce, "Auta, ni ba ni rantsuwa. Ko bisa gaskiya ba ni ɗora hannu ga Alƙur'ani gaban alƙali. Baba bai yi ba, kakanmu bai yi ba. Gidanga ba a san mu da ita ba."

Wannan na san da shi. A irin gidajenmu mutum ya gwammace ya bar gonarsa ta salwanta da a gan shi an miƙa masa Littafi a kotu. Limamin da ya rantse, ko a kan me, sai an yi shekaru ana nuna shi. Amma na ɗauka don ɗan'uwansa zai karya.

Na ce, "Malam, ba ƙarya anka ce ku yi ba. Abin da kunka sani za ku faɗi."

Ya ce, "In tafi gaban hukuma in ce mahaifina ya yi musu musanyar ɗa? Shina cikin kabarinai in tona mishi asiri? Don shekara fuɗu na albashi?"

Nan ne na manta a zaure nake. Na ce, "Shekara hamsin shina ɗauke da sunanku, Malam! Ku anka rubuta, shi anka ba dogari. Ku kunka zauna bisa buzu kuna cin tuwon Inna da zafinai, shi shina can shina kuka ba wanda ya san sunanai. Rufin kwanon masallacinga wa ya yi shi? Jinyar Baba wa ya ɗauka? Yau rana ɗaya tak ya nemi ku buɗe baki, kun ce gidanga ba a san ku da ita ba!"

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Cewa ya yi, "Ki sha ruwa, kin sha hanya." Ya miƙe ya saɓa buzunsa ya tafi la'asar.

Abin da na yi bayan fitarsa sata ce, ba ni da wani suna da zan ba shi. Gafakar na rataye inda take tun ina yarinya. Na sauke ta, na buɗe littafin ta baya, ga warƙar nan ta yi ja don tsufa, gefenta gara ta ɗan lasa. Rubutun Baba ne da tawadar da yake dafawa da kansa, layi bakwai, har da 'yan'uwanmu huɗu da suka rasu suna ƙanana. Layi na farko Malam, na uku Yaya, na ƙarshe ni. Na sa ta tsakanin shafukan littafin darasina, na mayar da gafaka, na yi wa matan gida sallama a tsaitsaye na ce yamma na yi mini. A kan kabu-kabu hannuna na kan jakar har Kebbe. Na ce a raina in babu rantsuwa ai ga rubutun mamaci, wa zai kalli wannan ya ce jiya aka yi shi?

Yaya bai ji daɗin yadda na samo ta ba, amma da ya ga rubutun Baba sai idonsa ya kawo ruwa. Muka sa wani malamin Larabci ya juya shekarar Hijirar zuwa ta boko, ta faɗa daidai inda muka ce. Na ɗauki hutun kwana uku na bi shi har babban ofishinsu, don na san in shi kaɗai ne da an ce masa a'a zai ce na gode ya fito.

Jami'in da ke riƙe da fayilolin ma'aikata matashi ne, bai wuce sa'ar babban ɗan Yaya ba, Bahaushe mai fara'a. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi 'yar dariya, ya jawo wata durowa ya nuna mana ta cike da takardu. Ya ce, "Yallaɓai, duk waɗannan masu kuskuren shekaru ne. Abin mamaki ba a taɓa yin kuskuren ya rage wa mutum ba, kullum ƙari ake yi." Na ji kamar in kife shi da mari. Mutumin da ya isa ya haife shi yake wa wannan magana, a gabana. Yaya ya taɓa mini hannu, na haɗiye. Na fito da warƙar na shimfiɗa a kan teburinsa.

Ashe ya yi makarantar allo. Dariyar ta ɗauke. Ya sunkuya yana bin rubutun da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce lallai wannan tsohon rubutu ne. Ya ce wane layi ne naka? Yaya ya nuna na uku. Jami'in ya karanta a hankali, ya dubi bangon fayil, ya sake duban warƙar.

Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba sunanka ba ne."

Yaya ya ce, "Shi ne sunana na yanka."

"To na kan fayil fa?"

"Na wana ne. Ga shi nan a layin farko."

Har ga Allah, ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, da shi da ke raba jirage a sararin sama, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa sunan zai zama magana. A wurinmu abin ya zama ruwan sha. A gida kowa ya san Yaya na amsa sunan Malam a boko, kamar yadda kowa ya san wane gurgu ne, wane dogo ne. Shekarun kawai muke kallo.

Jami'in ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya rage murya ya ce, "Ku saurare ni da kyau, Hajiya ke ma. In na shigar da wannan takarda gaban kwamiti, ba maganar shekara huɗu za su yi ba. Cewa za su yi mutumin da aka ɗauka aiki, mai takardar firamare da ta sakandare da lasisi, yana can ƙauye yana limanci, wannan kuma wani ne ya shigo da sunansa. Sunan abin a wurinsu sojan gona. Ba ƙarin girma ba, fanshon ma sai an dakatar an yi bincike, kuma ban san ranar da za a gama ba. Garin neman gira za ku rasa ido."

Na ce, "Yaro ɗan shekara shida ne sojan gonar? Shi ya kai kansa? Shi ya zauna jarrabawar ko limamin? Shi ya yi shekara talatin da ɗaya a hasumiya ko limamin?"

Ya ce, "Hajiya, ni na yarda da ke. Fayil ne ba shi da kunne."

Ya turo mana warƙar ya ce mu ɗauke, shi bai gan ta ba. Na ɗauka an gama, ashe da sauran. Ya ce takardar koken da muka shigar tana nan da hatimi, ba ta fita haka kawai, kuma in aka bar ta a buɗe dole wata rana wani ya ce a kawo hujjar da aka yi alkawari. Hanya ɗaya ce, Yaya ya rubuta da hannunsa cewa ya janye, cewa ranar haihuwar da ke cikin fayil ita ce daidai, shi ne ya yi kuskure. Ya zaro farar takarda ya ajiye, ya ɗora biro a kai.

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Ni na san 'ya'yansa biyu yake gani. Sannan ya gyara zama ya ɗauki biron. Jami'in na faɗa Yaya yana rubutawa, da kyakkyawan rubutun nan nasa mai tsabta, cewa shi wane, an haife shi a shekara kaza, yana ba da haƙuri a kan ɓata wa hukuma lokaci. Ya sa hannu. Ba a ce ya kawo shaida ba, ba a ce ya rantse ba, ba a kira kwamiti ba. Nan take aka buga hatimi. Duk takardun da muka yi ta wahala a kansu, wannan ta ƙaryar ce kaɗai aka karɓa ba gardama.

A matakala na fashe da kuka, na baƙin ciki da na jin kunya, don ni na jawo shi nan. Da na bar shi, da ya sauka da mutuncinsa ba tare da ya rubuta wa kowa ban haƙuri ba. Ya tsaya har na share fuska. Sannan ya ce, "Auta, abu ɗaya nika roƙonki. Maganar musanyar nan ta mutu yau. Kada ki sake faɗinta ga kowa, ko a gidan biki, ko cikin faɗa. In ta kai kunnen da bai kamata ba, abincin yaran nan ne." Na ce na ji. Ya ce in ce na yi alkawari. Na yi. Shi ya sa ko a nan ba ku ga sunan kowa ba.

Warƙar na mayar da ita da kaina. Malam ya karɓa ya buɗe littafin ya sa ta inda take, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Yaya ya sauka a watan da takarda ta ce, a matakin da yake, ya dawo Tambuwal. Yana noman albasa da rani, yana bin layin tantance 'yan fansho duk lokacin da aka kira, a kira sunan wansa ya ce na'am.

Tsofaffin da suka san abin da ya faru a soron Baba sun kusa ƙarewa. Sauran mutanen gari abin da suka sani shi ne na yi ta shela za a gyara shekaru, muka tafi, muka dawo shiru. Bara a wajen wani suna a Sanyinna, muna zaune ɗaki cike da mata ana rabon goro, wata da muka yi aiki makaranta ɗaya ta dube ni tana dariya ta ce, "Ke, ashe yayanki ustazu ma ya taɓa ɗan halin? An ce ya tafi yanke shekaru anka gano shi, har da rubuta ban haƙuri."

Duk ɗakin ana jiran Auta ta tashi. Maganar na nan a bakina tun daga dogari har biro, na ji ɗacinta a harshe. Na kalli matar nan, na kalli goron da ke hannuna.

Na ce, "Haka ne. Kuskure ya yi."

Aka yi dariya aka ci gaba da rabo. Na nemi takalmana na fito tun ba a kawo abinci ba.